Yaron da ya daina kuka ba lallai ne ya saba ba

Idan aure ya mutu da goyo a baya, akwai maganar da dangin miji kan yi wa mace tun ba ta gama haɗa kayanta ba: "Idan kin yaye, ki aiko mana da ɗanmu." Haka kuwa ake yi. Ranar da aka cire yaro daga nono, ranar ake cusa 'yan rigunansa a leda, gwaggonsa ta saɓa shi ko ƙanen uba ya ɗora shi a gaban babur. Sai a bi uwar da gargaɗi, wai kada ta yi saurin zuwa dubiya, za ta fama masa. Bayan mako guda ko biyu saƙo ya iso mata: "Ki kwantar da hankalinki, ai ya saba, ko kuka ba ya yi."

Wannan saƙon da zuciya ɗaya ake aiko shi, amma sau da yawa kuskure ne. Shirun yaro ɗan shekara biyu da aka raba da wadda ya shaƙu da ita dare ɗaya bai cika zama sabo ba. Kuma al'adar haɗa yaye da ƙaura a rana guda abu ne da ya kamata mu bari, domin ba addini ne ya ɗora mana ita ba, ba kuma maslahar yaron ba ce.

Akwai waɗanda suka zauna suka ƙura wa wannan shirun ido. A 1948 likitan ƙwaƙwalwa John Bowlby na cibiyar Tavistock a Landan ya ɗauki James Robertson aiki don ya riƙa lura da ƙananan yaran da aka kwantar a asibiti. A Ingila ta lokacin, asibitoci da yawa ba sa barin iyaye su ga 'ya'yansu sai sa'a ɗaya ko biyu a mako, wasu ma ba sa bari sam. Hujjarsu irin tamu ce sak: idan uwa ta zo ta tafi yaro sai ya birkice, idan ba ta zo ba sai ya kwanta lafiya lau. Robertson ya ga abin yana bin matakai uku. Da fari yaro bore yake yi, ya tsala kuka, ya jijjiga gado, duk motsin da ya ji a ƙofa ya zabura, ya ture duk mai son ɗaukarsa. Wannan kan ɗauki sa'o'i, ko ya kai mako. Daga nan sai ya yanke ƙauna. Kukan ya koma ƙasa-ƙasa jefi-jefi, ya yi lamo a gefe, ba wasa, ba neman komai, abinci sai an matsa. A nan ne manya ke cewa ya saba, alhali makoki yake yi irin na wanda ba shi da bakin faɗa. Idan rabuwar ta yi tsawo kuma ba a sami mutum guda da ya tsaya masa ba, sai ya cire rai. Ya koma cin abinci, yana yi wa kowa murmushi, kowa ya miƙa hannu ya je. Ranar da uwar ta zo sai ya kau da kai, alewar hannunta ta fi ta daraja a idonsa. Robertson ya ɗauki wannan a majigi a 1952, likitoci suka yi masa ca, amma a 1959 rahoton kwamitin Platt na gwamnatin Birtaniya ya ba da shawarar a buɗe wa iyaye ƙofa su ga 'ya'yansu a asibiti ba tare da ƙayyade lokaci ba.

Mu a nan ba mu cika samun wannan matsalar a asibiti ba, uwa ce ke jinyar ɗanta, a ƙasa take kwana gefen gadonsa. A gida muke yin abin da su suka yi a asibiti.

Tushen kuskuren shi ne zaton da muke yi cewa nono ne igiyar da ta ɗaure yaro da uwa, da zarar an yanke shi shi ke nan, kowace mace mai tuwo da kunu za ta iya maye gurbi. Masanin halayya Harry Harlow ya gwada wannan zaton a Jami'ar Wisconsin ta Amurka, ya bayyana sakamakon a 1958. Ya raba jariran birai da iyayensu (gwaji ne marar imani, yau ba za a bari a yi shi haka ba), ya ajiye musu gunki biyu, ɗaya na waya mai ɗauke da kwalbar madara, ɗaya an lulluɓe shi da tattausan ƙyalle ba madara. Biran sukan je wajen na waya su sha su dawo, mafi yawan yini suna manne da na ƙyalle, kuma idan an tsorata su can suke rugawa. Abin da ɗan ƙaramin rai ke nema wajen uwa mafaka ce, ba ci kawai ba. Duk wanda ya taɓa kallon yaro mai rarrafe a tsakar gida ya ga wannan: zai yi nisa wajen turmi, ya waiwayo, ya ga tana nan, ya ci gaba. Akuya ta yi atishawa, ya dawo da gudu ya kama zaninta. Masaniyar halayyar yara Mary Ainsworth ta fara rubuta wannan ɗabi'ar ne a ƙauyukan kusa da Kampala ta Yuganda a 1954 da 1955, ba a Turai ba.

Shaƙuwar nan tana da lokacinta. Jariri ɗan wata uku ko huɗu ba ya damuwa sosai da wanda ya ɗauke shi. Wajen wata bakwai zuwa takwas ƙiwa ke farawa, ya tantance nasa da baƙo. Tsoron rabuwa yana tsananta bayan ya cika shekara, ba ya yin sauƙi sosai sai ya doshi shekara uku, lokacin da bakinsa ya buɗe kuma ya fara gane abin da ake nufi da "gobe" ko "idan an yi la'asar". Yanzu a duba lokacin da muke yaye, daga shekara ɗaya da rabi zuwa biyu. Mun zaɓi daidai lokacin da yaro ya fi kowane lokaci sanin wadda ya rasa, kuma bai kai ya fahimci bayanin da za a yi masa ba. Ce wa ɗan wata 20 "za ta zo bayan Sallah" daidai yake da ce masa ba za ta zo ba har abada.

Kada a ɗauka ina sukar riƙo ne, ko ina cewa sai uwa ita kaɗai za ta yi reno kamar yadda ake yi a wasu ƙasashe. Gidan yawa ni'ima ne ga yaro. A 1977 Robert Marvin da Robert LeVine da abokan aikinsu suka wallafa nazarin da suka yi kan jarirai 18 a wani garin Hausawa a Arewacin Najeriya. Sun tarar kowane jariri ya shaƙu da mutum uku ko huɗu a gidan, amma idan ya gaji ko ya tsorata akwai guda ɗaya da ya fi nema, kuma yawanci ita ce wadda ta fi ɗaukarsa, ba dole sai mahaifiya ba. Duk Bahaushe ya san yadda hakan ke faruwa. Mace mai kunyar ɗan fari ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ko sunansa ba ta kama, ta shayar da shi ta miƙa wa kaka. Irin wannan yaron a bayan kakarsa yake barci, wajenta yake gudu. Shi idan aka kai shi yaye ɗakin kakar, ba a raba shi da kowa ba, nono kawai ya rasa. Ina ganin a nan hikimar tsohuwar al'adar take: yaye wajen kaka ya yi ma'ana ne a lokacin da kaka ke cikin gida ɗaya ko bayan katanga, yaro ya san ƙamshinta tun ranar suna. Yau kuwa ma'aurata na haya a Kano, kakar tana Gumel ko Maraɗi, yaro ya gan ta sau biyu a rayuwarsa. Sunan al'adar bai canza ba, abin da ke cikinta ya canza.

Saboda haka tambayar da ta dace a yi kafin a motsa yaro ba "ɗan wa ne?" ba ce, wannan kowa ya sani. Tambayar ita ce, idan ya faɗi ya fasa baki, wajen wa yake nufa? Amsar ba kullum take goyon bayan uwa ba. Akwai gidan da kakar wajen uba ce ta goya yaro tun yana wata shida, a nan ɗauke shi a bi da uwa garinsu shi ne rabuwar.

Akwai kuma ɓangaren ciki, wanda shi ke kisa. Yaron da ke cikin baƙin ciki ba ya cin abinci. A shekara ta biyu nono yana ba shi kaso mai tsoka na abin da jikinsa ke buƙata, ga kariya daga cututtuka. An yanke wannan rana ɗaya, an kai shi gidan da ruwan sha daban, hannun girki daban, ba wanda ya san cewa shi sai an ɗora shi a cinya yake karɓar kunu. Sai gudawa ta biyo baya, sai rama, sai ƙafa ta fara kumburi, gashi ya yi ja ya yi laushi. A ce mayu ne, ko a ce ya sha nonon ciki. Sunan da likitocin duniya ke kiran wannan nau'in tamowa mai kumburi, kwashiyoko, daga harshen Ga na Accra ya fito. Likita Cicely Williams ce ta shigar da shi rubutun likitanci a 1935, kuma ma'anarsa ciwon da yaro ke kamuwa da shi idan ƙanensa ya ture shi daga nono. Mutanen Ga sun riga likitoci gane cewa ciwon yana da alaƙa da turewa.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne yadda ake jingina karɓe yaro da addini. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ba zauren karatun da ba a biya ta a ƙasar Hausa, ta faɗa ƙarara cewa bayan saki reno na uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. Idan uwar ta rasu ko ta yi wani aure, sai kaka, sannan 'yar'uwar uwa. Ba a ambaci yaye a matsayin iyaka ba. Abu Dawud ya ruwaito matar da ta kawo ƙara cewa uban ɗanta ya sake ta kuma yana son ƙwace shi, Annabi (SAW) ya ce mata ita ta fi cancanta da shi matuƙar ba ta yi aure ba. A Muwaɗɗa kuma akwai labarin Sayyidina Umar, wanda ya rabu da matarsa Ba'ansariya, uwar ɗansa Asim. Wata rana ya je Ƙuba ya tarar da yaron yana wasa a harabar masallaci, ya kama damtsensa ya ɗora shi a gaban abin hawansa. Kakar yaron ta cim masa, suka yi jayayya har gaban Halifa Abubakar. Umar ya ce ɗana, matar ta ce ɗana. Abubakar ya ce ya sakar mata shi, Umar kuwa bai mayar masa da magana ba. Nasaba ta uba ce, ciyarwa da tufatarwa da kula da tarbiyya a wuyansa suke ko yaron yana ina. Reno kuwa wani haƙƙi ne daban, kuma mun cakuɗa su.

Iyaye maza suna da nasu uzurin, kuma ba duka ne na banza ba. Wani zai ce idan ya aika kuɗi uwar ce za ta ci. Wani yana tsoron a cusa wa yaro ƙinsa. Wani ba ya son ɗansa ya zama agola a gidan wani ƙato. Na ƙarshen nan shari'a ta riga ta amsa shi da ta miƙa reno ga kaka. Na farkon kuma maganinsa a yanka abu sananne, a rubuta a gaban shaidu: kwano kaza na hatsi a wata, sabulu, kuɗin magani, wanda zai kai da ranar da zai kai. Gaskiyar da ba a cika faɗa ba ita ce, mata da yawa su da kansu suke gaggawar mayar da yaro. Ba rashin ƙauna ba ne. Uban ya ɗauke hannu tun ranar saki, gidan iyayenta ana auna tuwo, masu neman bazawara kuma suna ja da baya idan suka ga ɗa a gindinta. Muddin alƙalai da 'yan Hisba da masu unguwanni ba su tsaya kan ciyarwa ba, haƙƙin reno zai zauna ne a cikin littafi kawai.

To, wani lokaci ƙaurar ba makawa. Uwa ta rasu, ko ba ta da lafiya, ko za ta tare a inda ba a yarda ta je da yaro ba. A nan ma Robertson da matarsa Joyce sun bar darasi. A shekarun 1960 sun bi wani yaro ɗan wata 17 da aka ajiye kwana tara a gidan renon yara yayin da uwarsa ta je haihuwa. Ma'aikatan ba mugaye ba ne, sai dai suna canjin aiki, ba wadda ta zama tasa. Cikin kwanakin nan yaro mai fara'a ya daina ci, ya koma rungumar wata ƙatuwar 'yar tsana, ranar da uwar ta zo ya yi ta fizgewa daga hannunta. Haka kuma sun karɓi wasu yara huɗu masu shekara ɗaya da rabi zuwa biyu da rabi a gidansu, ɗaya bayan ɗaya, na tsawon kwana 10 zuwa 27. Kowanne an fara kawo shi ziyara tun kafin ranar, ya zo da bargonsa da kayan wasansa da hoton uwarsa, ubansa yana leƙowa, mace ɗaya ce ke kula da shi dare da rana kuma tana yi masa hirar uwarsa. Sun yi kewa, sun yi rigima, amma ba wanda ya rushe kamar na farkon.

Daga nan za a iya fitar da tsari mai sauƙi. Abu na farko, a raba yaye da ƙaura, a sa aƙalla wata biyu ko uku a tsakaninsu. Yayen kansa a yi shi a hannun uwa, a hankali: a janye shayarwa ɗaya duk bayan kwana huɗu zuwa mako, a fara da ta tsakar rana wadda wasa ke ɗauke masa hankali daga ita, a bar ta kwanciya barci ta zama ta ƙarshe. Kada a shafa maɗaci ko barkono, wannan koya masa ne cewa wurin da ya fi amincewa da shi ya juya masa baya. Kada a fara yana zazzaɓi, ko gudawa, ko yana farfaɗowa daga ƙyanda. Kafin nono ya tsaya, a tabbatar yana cin abinci sau uku zuwa huɗu a yini da ɗan abin taɓawa sau ɗaya ko biyu, kuma ba farin koko zalla ba: kunun gyaɗa, garin waken suya a cikin kunu, ƙwai, wake, kifi, ganye, ɗan mai. Ita ma uwar ta huta da ciwon nono, domin yayen rana ɗaya ne ke sa nono ya cika ya yi tauri har ya kai ga ƙurji.

Ƙaurar kuma, a fara da ambaton sunan mutum guda. "Gidan babansa" ba mutum ba ne. Wace ce za ta kwana da shi, ta yi masa wanka, ta tashi idan ya farka cikin dare? Idan matar uba ce, a tambaye ta tsakani da Allah ko tana so, a kuma duba ko tana da nata goyon, domin bayan mace ɗaya ba ya ɗaukar yara biyu. Wadda aka ɗora wa riƙo dole, a kan yaron take hucewa. Idan an samu, sai a yi mako biyu zuwa uku ana haɗuwa uwar tana wurin. Kwanakin farko mai riƙon ta zauna kusa kawai, kada ta kai hannu, ta bari shi ya zo. Sannan ta fara ba shi abinci, ta goya shi. Sannan uwar ta fita na rabin sa'a, sannan rabin yini, sannan kwana ɗaya. Duk fitar da za ta yi ta yi masa sallama ko da zai yi kuka. Sulalewa yana barci ko an ɗauke masa hankali ita ce ke sa yaro ya daina yarda da barci da wasa, ya koma bin mutum har bakin banɗaki. Ya tafi da zanin goyonsa ba a wanke ba, da kofinsa, a kuma gaya wa mai riƙon kalmominsa, me yake cewa idan yana son ruwa, yaya ake lallaɓa shi ya yi barci. Idan yana da wa ko ya, kada a raba su, a ce wannan na gwaggo wancan na kawu kamar ana rabon gado.

Ziyara kuma a sa mata rana tsayayya, da farko kusa-kusa, ko da sau biyu a mako in gari ɗaya ne, in da nisa a haɗa da kiran bidiyo. Zai yi kuka idan ta tafi. Kukan nan ba shaida ba ce cewa ziyarar ta cutar da shi, shaida ce cewa bai cire rai ba. Kada a ce masa ta tafi kasuwa, zai wuni yana kallon ƙofa. Kada a zage ta a gabansa, yaro yana jin zagin uwarsa a jikinsa tun kafin ya san ma'anar kalmomin. A sa ran zai koma baya na ɗan lokaci: fitsarin kwance bayan ya daina, tsotson yatsa, firgita cikin dare, cizo. Dukan yaro ba ya gyara ko ɗaya daga ciki, ƙara tsawaita su yake yi. Abin da ba a jira da shi kuwa shi ne ƙin abinci da ya wuce kwana biyu, gudawa, ko kumburin ƙafa. A asibitin sha-ka-tafi za a auna damtsensa da ɗan tef mai launi: ƙasa da santimita 12.5 tamowa ta kama, ƙasa da 11.5 ta yi tsanani.

Ba ina cewa duk wanda aka yi wa yayen dare ɗaya ya lalace ba. Da haka ne, da rabin garin nan ba su kai labari ba. Bowlby kansa ya zafafa a rubutunsa na farko, kuma likita Michael Rutter ya yi masa gyara a 1972, ya nuna cewa ba rabuwar kaɗai ke yin illa mai ɗorewa ba, rikicin da ke kewaye da ita da irin hannun da yaro ya faɗa daga baya sun fi nauyi. Yaron da ya faɗa hannun gwaggo mai tausayi, ya zauna wuri ɗaya, yakan ƙulla sabuwar shaƙuwa cikin watanni. Wanda ake jin tsoro a kansa shi ne ɗan yawo: wata uku wajen kaka, ta gaji, a kai shi wajen matar uba, a yi faɗa, a mayar wa uwa, ta yi aure, a tura shi ƙauye. Kowace ƙaura tana koya masa cewa riƙe mutum asara ce. Irinsa ne ake yaba wa da cewa ba shi da ƙiwa, kowa nasa ne, zai bi baƙon da ya gani yau ba waiwaye. A ɗan shekara biyu wannan ba abin yabo ba ne, abin dubawa ne.

Saura ranar haɗuwa, wadda ke karya zuciyar mata da yawa. Uwa ta yi wata biyu tana ƙirga kwanaki, ta zo da biskit da sabuwar riga, yaro ya kalle ta ya ɓuya bayan gwaggo, ko ya kai mata duka. Mutanen gida su ce, "Kin gani ko, ya ma manta ki," ita kuma ta koma tana kuka, ta ɗauke ƙafa. Bai manta ba, fushi yake yi, kuma yana gudun a sake yi masa abin da aka yi. Kada ta fizgo shi, kada ta ce "ba ka san Ummanka ba?" Ta zauna a tabarma daidai tsayinsa, ta ci gaba da hira da mutanen gida da muryar da ya sani, ta ajiye abin da ta kawo kusa da ƙafarta. Yakan ɗauki sa'a guda, wani sai a zuwa na biyu ko na uku, kafin ya matso ya dafa gwiwarta kamar ba da gangan ba. Bayan nan zai manne mata fiye da da, ya yi ta rigima kan abin da bai kai ya kawo ba, na kwanaki ko makonni, kuma a bar shi ya yi.